Jan Baƙi da Guntun Numfashi

Ni tela ne, ubana ma tela ne. Rumfata tana layin maɗinka a kasuwar Bodinga, tsakanin wani mai ɗinkin hula da wani tsoho mai gyaran laima. Amma in azumi ya kama, mutanen unguwarmu sukan manta da kekena. Ni ne mai jan baƙi ga dattijon malamin da ke tafsiri a masallacinmu bayan la'asar: in karanta aya da Larabci, shi kuma ya fassara wa jama'a da Hausa. Tun ina saurayi ya zaɓe ni, ba don na fi sauran ɗalibansa sani ba. Allah ne ya ba ni dogon numfashi. Ina ɗauko aya mai tsawo in kai ta ƙarshe ban tsaya ba, kuma wanda ya makara ya zauna can bakin ƙofa wajen takalma yana ji na sarai. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Yadda wani yake dogo wani gajere, haka na ɗauke shi.

A farkon shekarun mulkin farar hula, bayan an yanke gero, wata mura ta ratsa garin. Ba gidan da ba ta shiga ba. Yarana suka yi ta suka tashi, mai ɗakina ta yi ta tana daka tana tuwo har ta sake ta. Ni ma na ɗauka tawa haka za ta wuce. Na sha citta da kanumfari, na je kemis aka yi mini allura, na koma bakin keke. Sai zazzaɓin ya ƙi sauka, tarin ya bar maƙogwaro ya koma can ƙasa cikin haƙarƙari. Wata safiya na tashi zan je bayan gida, tsakanin ɗakina da can sai da na zauna a ƙasa. Ina jan iska da dukkan ƙarfina, amma kamar ta tsaya a wuya ta ƙi wucewa.

Ranar kasuwa ce. Yayana, wanda ke noma da kiwo a Horo Birni ta wajen Shagari, ya kawo awaki, bai same ni a rumfa ba ya biyo gida. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya dube ni, bai ko zauna ba.

"Tun yaushe leɓɓanai sunka yi baƙi haka?" ya tambayi mai ɗakina.

"Yaya, tun jiya. Na ce a tahi birni, ya ce mura ta."

"Wagga ba mura ba ta," in ji shi. Ya juya ya fita, ya dawo da wata a-kori-kura da ta sauke kaya a kasuwa. Aka shimfiɗa mini tabarma a baya, na kasa kwanciya, sai ya zauna ya jingina ni da ƙirjinsa har Sakkwato.

Kwanakin farko a asibiti ban riƙe su duka ba. Abin da na riƙe shi ne tukunyar iska. Wani dogon ƙarfe ne baƙi, ya kai tsawon yaro, aka turo shi gefen gadona aka ja roba daga kansa zuwa hancina. Nas ta murɗa wani abu, na ji wani ɗan sanyi yana shiga. Kafin a jima duhun da ke gefen idanuna ya fara janyewa, na ga fuskar Yaya, na ga fankar da ke sama ba ta juyawa. Na kwanta ina kallon ƙarfen nan. Ni dai na san ana zuba ruwa a tulu, ana zuba hatsi a rumbu. Ban taɓa tunanin iska abu ce da za a ɗiba a rufe a cikin ƙarfe, a ɗauko ta a mota a kawo wa mai buƙata ba. Nas ɗin ta ce mini ba sabuwar aba ba ce, a cikin iskar da kowa ke shaƙa take, tacewa kawai aka yi. Wannan ya fi ba ni mamaki. Ashe tun ranar da aka haife ni nake yawo a cikin abin nan, yana shiga yana fita, ina barci ina farke, ban taɓa aiko shi ba.

Likitan Ba'indiye ne, siriri, mai furfura a gefen kunne. Ba ya jin Hausa, nas ce ke fassara. Da na fara zama da kaina, sai ya zo da hoton ƙirjina ya ɗaga shi wajen taga. Na ga haƙarƙarina a jere, na ga inuwar zuciyata. Na ƙura wa hoton ido. Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da wannan ƙirji, ranar na fara ganin cikinsa. Ya nuna wasu wurare farare kamar gajimare a ƙasan ɓangarorin biyu, na hagu ya fi yawa.

Nas ta ce, "Likita ya ce namoniya ce, ciwon huhu. Amma ƙwayar cutar irin ta mura ce, allura ba ta kashe ta. Jikinka ne ya yi yaƙin, mu taimako kawai muka yi."

Na ce ta tambaye shi ko zan koma yadda nake.

Ya yi magana mai tsawo, yana buɗe tafin hannu yana rufewa. Ta ce, "Ya ce huhu yana warkewa, amma ba ya gaggawa. Wani wurin zai bar tabo har abada. Ka nisanci hayaƙi, ka riƙa tafiya kullum ko kaɗan ce, kuma in mura ta kama ka kada ka raina ta. Ya ce ka ba shi shekaru, ba watanni ba."

Da aka sallame ni, na ɗauka maganar shekaru irin ta likitoci ce. Zazzaɓi ya tafi, ina cin abinci, mutane suna zuwa barka. Na koma rumfa. Ban kai ga gama gefen riga guda ba sai ƙafata ta tsaya a kan keke, ina haki kamar wanda ya yi gudu. Da yaron maƙwabcina ya fifita gawayin dutsen guga, hayaƙin ya bugo ni, na yi tari har na ga taurari da rana. Daga ranar na daina guga, nakan ba wani ya yi mini can nesa da rumfa.

A gida mai ɗakina ba ta yi shawara da kowa ba. Na dawo wata rana na tarar ta kwashe duwatsun murhu daga madafa, ta kai su can ƙarshen gida bayan rumbu, inda ba inuwa ko kaɗan. Na ce mata rana za ta dafa ta tare da tuwon.

"Malam, ni rana ba ta sa ni tari," ta ce, ta ci gaba da hura wutarta.

Ita ce kuma ta tsare ni a kan kwalba. A asibiti an nuna mini in zuba ruwa a kwalba, in sa robar ƙarin ruwa a ciki in riƙa busawa a hankali har ruwan ya yi ta ɓulɓula. Kunya nake ji, magidanci zaune tsakar gida yana wasan yara. Amma kullum da hantsi sai ta ajiye kwalbar a gabana tare da koko, ta tsaya har sai ta ji ƙarar ruwan.

A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a farkon damina. Da ya kama, na yi wanka na sa farar rigata na tafi masallaci kamar kullum. Na zauna gefen Malam, na buɗe Alƙur'ani, na fara. Gajerun ayoyin farko suka wuce lafiya. Da na zo kan wata mai tsawo, na ɗauko ta yadda na saba, sai a tsakiyar kalma numfashin ya ƙare. Ba raguwa ya yi ba, ƙarewa ya yi, kamar zare a bakin allura. Na buɗe baki ba abin da ya fito. Sai tari ya biyo baya, ga azumi, ba damar kurɓar ruwa. Masallaci ya yi tsit. Malam bai dube ni ba, ya ɗan ɗaga hannu, wani ɗalibinsa da ke sahun gaba ya ƙarasa ayar daga inda yake zaune.

Washegari da hantsi na je zaurensa. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa, na ce, "Allah shi gafarta Malam, na zo in roƙi a sauwaƙe mani. A ba wani. Abin da aka so gare ni ya tahi."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Wa yac ce maka sai an kai ƙarshen aya da lumfashi guda?"

"Haka nis saba, Malam."

"Haka kas saba. Buɗe nan." Ya miƙo mini Alƙur'aninsa, ya sa yatsa a kan ƙananan alamomin da ke saman layi, wuraren da aka halatta wa mai karatu ya tsaya. "Waɗanga ka san su, ni na karantar da kai su. Tsallake su kaka yi don kana iyawa. Waɗanda sunka aza su sun san mutum ka karatu, kuma mutum shina gajiya."

Ya ce bana ɗalibin nan zai ja baƙi, ni in buɗe da 'yan ayoyi kaɗan in ba shi. Ya kuma ce in ajiye azumin, in rama lokacin sanyi. Na so in yi musu, ya ce ba shawara yake ba ni ba. Haka na yi watan nan, ina shan ruwa a ɓoye cikin ɗaki don kada yara su gani, da la'asar in karanta abin da bai fi numfashina ba in koma gefe in zauna ina sauraron wani yana yin aikina. Ba zan ce bai yi mini zafi ba.

Bayan ƙaramar salla Yaya ya zo ya ce in bi shi ƙauye. Ya ce kasuwa hayaƙi ce, ga masu tuya ga maƙera ga motoci. Aka kwance kan keken aka ɗaure a buhu, muka tafi Horo Birni, na bar iyali a Bodinga.

Can ba abin da ake so gare ni sai tafiya. Da safe Yaya zai saɓa fartanya ya ce, "Tela, taho mu tahi." Da farko iyakata wata tsamiya da ke bayan gari. Nan zan zauna in ga bayansa yana shigewa cikin gero, in jira numfashina ya dawo, in koma gida. Matarsa takan ajiye mini nono mai ɗumi daga rugar da ke kusa da su. Da yamma in ɗinka wa mutanen gari abin da ya yage. Ban lura da ranar da na wuce tsamiyar ba. Kawai wata rana na ga kaina a bakin gonar Yaya, na waiwaya na hango ta can baya. Daga nan sai fadama. Tafiyar ta koya mini wani abu: in na yi sauri, ƙirjin ya rufe, in na shaƙa ta hanci na saki a hankali ta baki, kamar busa kwalbar nan, sai ya bar ni in ci gaba. Kafin geron ya nuna, na bi Yaya da ƙafa har kasuwar Shagari. Mun tsaya a hanya ba sau ɗaya ba, shi yana yin kamar takalminsa ne ke damunsa.

A can babbar salla ta same ni. Yaya ya yanka ɗan ragonsa, na riƙe masa ƙafa yana fiɗa. Da ya buɗe ciki ya fara fito da kayan, na ce ya dakata, ina son in ga huhun. Ya ciro shi tare da maƙoshin ya ajiye a faranti. Wani abu ne lakwas, ja-ja, a yamutse, ba shi da wani kwarjini. Na sa yatsa na taɓa, taushi kamar soso.

Yaya ya dube ni. "So kaka yi ka ga aikinai?"

Ya wanke bakin maƙoshin, ya sa a bakinsa ya busa. Abin nan da ke kwance a yamutse sai ya motsa. Ya fara tashi, lungu bayan lungu yana buɗewa, jan yana washewa yana komawa fari-fari mai haske, har ya cika farantin ya yi tsaye kamar fukafukai biyu. Yaya ya cire baki, huhun ya sauka a hankali da wata 'yar ƙara. Na ce ya sake. Ya sake. Na lura akwai wani ɗan gefe a ƙasa da bai buɗe ba a busawar farko, sai a ta biyu ya buɗe.

Na zauna a kan turmi, hannuna a ƙirji. Irin wannan ne a cikina. Ba ƙashi, ba jijiya mai ƙarfi, abin da yatsa zai iya hudawa. Shi ne ya ɗauki muryata zuwa bakin ƙofar masallaci shekara da shekaru, shi ne cuta ta cika da ruwa, kuma shi ne yanzu yake gyara kansa a cikin duhu, ba wanda ke gani, ba wanda ya koya masa. Na yi ta tasbihi a zuci. Yaya ya ci gaba da fiɗarsa, can ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Naka ma haka shika yi. Ka bar shi dai."

Ranar ban iya cin huhun ba, ko da yake shi aka fara gasawa.

Na koma Bodinga bayan kaka, na tarar gari ya fara sauyawa. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Yadi ya yi wuya, sabulu da madara sai an bi layi. Masu kawo sabon ɗinki suka ragu, masu kawo faci suka ƙaru. Wannan ya yi wa ƙirjina daidai, don faci ba ya son gudun keke. Maganin tari da nakan saya ya ɓace daga kemis, na koma zuma da ruwan ɗumi.

Azumin da ya biyo baya shekarar zaɓe ce. 'Yan siyasa suna ta rabon abubuwa, wani ya aiko wa masallacinmu lasifika da batirin mota. Malam ya ce in dawo wurina. Aka ɗaura mini abin magana a gaba, ba sai na ɗaga murya ba. Saura numfashi, shi kam lasifika ba ta ba da shi. Na zauna tun kafin azumi na bi alamomin nan ɗaya bayan ɗaya, na san inda zan tsaya kafin in isa. Na fara karatu guntu-guntu. Duk inda na tsaya, sai Malam ya shiga da fassara, ba ya jira ayar ta ƙare.

Wani abu ya faru da ban zata ba. A da, in na ɗauko aya, hankalina yana kan ƙarshenta, yadda zan isa da sauran iska a ƙirji. Yanzu da nake tsayawa, sai kalmomin suka fara tsayawa tare da ni. A ɗan shirun nan da nake jan numfashi, sai in ji abin da na faɗa yanzu-yanzu yana sauka a kaina. Ayoyin da na karanta tun ina yaro, na haddace su kamar sunana, sai na ji kamar ranar aka fara gaya mini su. Akwai ranar da na tsaya ba don numfashi ba, don idona ya cika. Malam ya jira ni. Mai ɗakina, da ke sauraro tare da mata ta bayan katanga, ta ce mini tsofaffin suna cewa bana sun fi gane karatun.

Duk da haka ban kai rabin zama ba nake miƙa wa ɗalibin nan. Kuma duk ranar da hadari ya haɗu iska ta yi nauyi, nakan ji kamar an ɗaure mini ƙirji da rawani.

Ƙarshen shekarar sojoji suka karɓi mulki. Mutanen Shagari, da ɗansu ne shugaban ƙasar da aka sauke, suka yi shiru kamar an yi rasuwa. Bayan haka ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Shanun Yaya suka rame, ya sayar da waɗanda suka rage kafin su faɗi, ya kawo iyalinsa gidana, shi ya tafi ci-rani kudu. Gida ya cika, tukunya ba ta ƙaru ba. Muka koma cin abinci sau ɗaya, sauran lokaci kunu tsararo. Na rame har wandona sai da na rage masa ƙugu.

A cikin wannan hali mura ta sake kama ni, ta sauka ƙirji. Tsoron da na ji ban taɓa jin irinsa ba, don yanzu na san inda hanyar take zuwa. Wannan karon ban jira kowa ya gaya mini ba, na hau mota na tafi birni da kaina. Ba'indiyen ya koma ƙasarsu. Wani matashin likita na samu, ɗan wajenmu, ya gaishe ni da Hausa. Ya sa abin sauraro a bayana ya ce in ja numfashi, ya matsa ƙasa, ya sake cewa in ja. Ya daɗe a ɓangaren hagu.

"Baba, nan ƙasa akwai tsohon tabo, ina jin shi. Wannan ba zai tafi ba. Amma sauran duk yana buɗewa da kyau. Wannan murar ba ta kai can ba, ka koma gida ka sha ruwa da yawa ka huta. In zazzaɓi ya tashi ko numfashi ya ƙara wuya, ka dawo nan take."

Na tambaye shi yadda aka yi mutum yana cikin yunwa amma huhunsa yana ƙara kyau. Ya yi murmushi ya ce shi ma abin yakan ba shi mamaki, wurin da ya rage lafiya yakan koyi ɗaukar aikin wanda ya lalace. Na fito na zauna a inuwar wata bishiya a harabar asibitin kafin in nemi mota. Mutane suna wucewa, masu jinya da masu kai abinci, kowa ƙirjinsa yana tashi yana sauka, ba wanda ya kula. Murar ta yi kwanakinta ta tafi.

Azumin da ya zo bayan farin ya faɗo cikin tsananin bazara. Batirin lasifikar ya mutu tun tuni, ba mai halin sayen wani. Ɗalibin da ke karɓata ya tafi ci-rani shi ma. Saura ni da Malam, wanda ya tsufa ƙwarai, sai an riƙo hannunsa zuwa masallaci. Na ce masa ban san ko zan iya zama duka ba. Ya ce mu fara, inda muka tsaya nan ne ƙarshen na ranar.

Muka yi ta yi a hankali. Mutane suka matso kusa don su ji. An fita roƙon ruwa, sama ta yi shiru. Kowa ya yi shukar bara bai girba ba, ba wanda ke son ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Wata la'asar a goman ƙarshe, muna tsakiyar karatu, sai haske ya sauya a bakin ƙofa. Iska mai sanyi ta shigo ta ɗaga gefen takardun. Na ji ƙamshin ƙasa kafin in ji ƙarar. Sai ɗigo ɗaya a kan kwano, sai wani, sai gaba ɗaya rufin ya ɗauka kamar ana zuba tsakuwa. Ba wanda ya tashi. Wani tsoho a sahun gaba ya rufe fuska da hannun riga. Na dubi Malam ko za mu tsaya, ya yi mini alama da kai in ci gaba.

Ba a jin komai sai ruwa. Ban yi shawara da kaina ba, na cika ƙirji na ɗaga murya don ta fi ƙarar kwanon. Ta fita. Na ji ta ta bugi bangon baya, na ga na bakin ƙofa sun ɗago kai. Na tsaya a alama, na ja iskar nan mai sanyi da danshi, na ji ta sauka har ƙasa, har wurin da ya daɗe a rufe, na ci gaba. Ban kai ayar da numfashi guda ba, sai da na tsaya a duk inda aka ce a tsaya. Amma muryar tawa ce, ta da, kuma ba ta karye ba har muka rufe. Malam yana fassara, ba na jin abin da yake faɗa, leɓɓansa kawai nake gani suna motsi, hawaye na bin gemunsa.

Da aka shafa fatiha, na riƙe hannunsa na raka shi gida cikin ruwan, wani ya lulluɓa masa buzu a ka. A ƙofar zaure ya ce, "Gobe ka zo da wuri." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na isa gida jiƙe sharkaf. Yara suna tsalle a tsakar gida, matar Yaya tana tara ruwa a duk abin da ta samu. Mai ɗakina ta gan ni ta ajiye kwaryar da ke hannunta.

"Malam, da wanga ƙirjin kab biyo ruwa?"

Ta yi gaskiya. Na yi mako ina tari, kwana biyu ma ban je masallaci ba, Malam ya sa aka jira ni. Yaya ya dawo daga kudu da jin labarin ruwa, ya kwashi iyalinsa suka koma shuka da irin da aka ranto.

Malam bai ga azumi da yawa bayan wannan ba. Na ci gaba da jan baƙi ga ɗansa da ya gaje shi, har idona ya fara rauni na bar wa matasa. Tabon yana nan. Ban ƙara iya ɗaukar buhu ba, ban ƙara zama kusa da mai shan taba ba, kuma duk damina sai na yi tarina na 'yan makonni. Jikokina sun san in muna tafiya kasuwa ba a yi mini sauri. Da safe, kafin rana ta yi zafi, har yanzu nakan bi hanyar Danchadi da ƙafa, in kai inda masu lambu ke ban ruwa, in gaisa da su, in huta, in juyo.